Arzikin gida da ya ɗaure ƙafar 'yan ƙwallon Meziko

Ranar 30 ga Nuwamba 2022, a filin Lusail na Katar, Luis Chávez na Meziko ya ajiye ƙwallo nesa da ragar Saudiyya, ya ja da baya, ya maka ta da ƙafar hagu. Ta haye kan 'yan wasan da suka yi katanga, ta faɗa kusurwar raga, gola bai taɓa ta ba. Meziko ta ci wasan 2-1, amma hakan bai hana ta tattara kayanta ba, domin Poland ta ɗara ta da bambancin ƙwallo ɗaya. Da aka watse daga gasar sai kowa ya zuba ido ya ga wace ƙungiyar Turai za ta ɗauke wannan ɗan tsakiya na ƙungiyar Pachuca. Shiru har tsakiyar 2023. Monterrey, ɗaya daga cikin masu kuɗin gasar gida, ta neme shi, ya ce shi waje yake son fita. A ƙarshe shi da kansa ya biya kuɗin sallamar da ke rubuce a kwantiraginsa, ya tafi Dynamo Moscow, a ƙasar da aka dakatar da ƙungiyoyinta daga gasannin Turai tun 2022. Yana da shekara 27 a lokacin.

Wanda ya saba da ƙwallon Afirka zai ga labarin nan a juye. Mu a nan, yaro na fara haskawa dillalai ke rububinsa, ƙungiyarsa kuwa addu'a take a zo a saya ko ta samu na biyan albashi. A Meziko ɗan wasa ne ke neman ƙofar fita, gida kuma na riƙe masa riga da kuɗi. A ganina, wanda bai fahimci wannan ba ba zai gane abin da ya sa ƙasa mai mutum kusan miliyan 130, mai son ƙwallo kamar rai, mai manyan filaye da manyan ƙungiyoyi, ta shafe fiye da shekara ashirin tana tsayawa a wuri ɗaya a gasar cin Kofin Duniya ba.

Wurin da take tsayawar sananne ne. Kafin gasar 2026, sau biyu kacal Meziko ta kai zagayen ƙasashe takwas, kuma duk a gidanta ne: 1970, inda Italiya ta doke ta 4-1 a Toluca, da 1986, inda Jamus ta Yamma ta fitar da ita a bugun fenariti a Monterrey. Ba ta je gasar 1990 ba, saboda FIFA ta dakatar da ita bayan an kama ta da sa 'yan wasan da suka wuce shekaru a wasannin matasa. Daga 1994 zuwa 2018 kuwa, sau bakwai a jere tana fita daga rukuni, sau bakwai a jere ana yin waje da ita a wasan da ya biyo baya. Ita da Brazil ne kaɗai suka tsallake rukuni a dukkan waɗannan gasanni bakwai, wanda ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai Brazil ta ɗauki kofi biyu a cikinsu, Meziko kuwa ko sau ɗaya ba ta buga wasa na biyar ba, wato na zagayen ƙasashe takwas. Wasa na biyar ɗin nan ya zama abin da 'yan jarida da magoya baya a ƙasar ke kwana da shi suna tashi da shi.

Idan aka bi wasannin ɗaya bayan ɗaya, mutum zai iya cewa rashin sa'a ne. A 1994 Bulgeriya ta fitar da su a fenariti, Hugo Sánchez na zaune a benci har aka tashi, koci Miguel Mejía Barón bai canza ko mutum ɗaya ba. A 1998 Luis Hernández ya fara cin Jamus, sannan Klinsmann da Bierhoff suka juya wasan. A 2006 Rafael Márquez ya ci Ajantina tun a mintunan farko, aka tafi ƙarin lokaci, Maxi Rodríguez ya tare ƙwallo da ƙirji ya maka ta tun kafin ta sauka ƙasa. Irin ƙwallon da ba golan da zai kama. A 2010 Carlos Tevez ya ci ta farko yana cikin satar gida ƙarara. Ta 2014 ita ce ta fi ciwo. Giovani dos Santos ya ci Holan, Meziko na gaba har minti na 88, Sneijder ya farke, sannan Robben ya faɗi a gaban Márquez, alƙalin wasa ya nuna fenariti, Huntelaar ya ci. Har yau akwai 'yan Meziko da ke rantsuwa ba fenariti ba ne. Amma akwai kuma 2002, da maƙwabciya Amurka ta ci su 2-0 ba wata gardama, da 2018 da Brazil ta yi musu 2-0 cikin natsuwa, mako biyu bayan sun doke Jamus mai riƙe da kofi da ƙwallon Hirving Lozano.

Sau ɗaya ko biyu ana iya jingina wa ƙaddara. Abin da ya maimaitu sau bakwai kuwa matsayi ne. Meziko tana cikin ƙasashe goma sha shida na sama, ba ta cikin takwas na sama, kuma sakamakon bai yi mata ƙarya ba. Katar ce ma ta nuna cewa matsayin da ake rainawa shi ma ba gado ba ne: canjaras da Poland, inda Guillermo Ochoa ya tare fenaritin Lewandowski, kashi 2-0 a hannun Ajantina, sannan nasarar da ba ta yi amfani ba a kan Saudiyya. Rabon Meziko da fita tun a rukuni tun 1978.

Ba rashin yara masu baiwa ba ne, kuma 'yan Najeriya shaida ne. Meziko ta ɗauki Kofin Duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2005 a Peru, ta lallasa Brazil 3-0 a wasan ƙarshe, da Carlos Vela da Giovani dos Santos da Héctor Moreno. Ta sake ɗauka a 2011 a gidanta. A 2013 ta sake kai wasan ƙarshe a Abu Dhabi, inda yaran Manu Garba suka ci ta 3-0, kyaftin Musa Muhammed ya rufe da bugun tazara. A 2019 ma ta je wasan ƙarshe, Brazil ta ci ta 2-1. A tsakanin nan, a 2012, ta ci lambar zinare ta gasar Olamfik a Wembley, ta doke Brazil mai Neymar da Thiago Silva da Marcelo 2-1, Oribe Peralta ya ci duka biyun, ta farkon tun ba a cika minti ɗaya ba. Ƙasashe kaɗan ne ke da irin wannan tarihi a matakin matasa.

Abin dubawa shi ne inda yaran ke shiga bayan nan. Kelechi Iheanacho, gwarzon gasar 2013, ya wuce Manchester City. Julio Gómez, gwarzon gasar 2011, wanda ya koma fili da kai a naɗe da bandeji ya ci Jamus ƙwallon da ta kai Meziko wasan ƙarshe, ya yi ta yawo tsakanin ƙungiyoyin gida da na rukunin ƙasa har sunansa ya dusashe, bai taɓa buga Kofin Duniya na manya ba. Ba shi kaɗai ba ne a cikin tawagar. Tsakanin shekara 17 da 23 ne Meziko ke asarar 'ya'yanta, kuma a wannan tsakanin ba tawagar ƙasa ke riƙe da su ba, ƙungiyoyin Liga MX ne, babbar gasar ƙasar.

Liga MX gasa ce mai kuɗi, tana cikin waɗanda suka fi biyan albashi a nahiyar Amurka gaba ɗaya. Manyan kamfanoni ne ke bayan ƙungiyoyinta. América ta iyalin Azcárraga ce, masu gidan talabijin na Televisa, kuma su ne masu filin Azteca. Monterrey ta kamfanin FEMSA ce, mai sarrafa Coca-Cola da shagunan OXXO. Kamfanin siminti na Cemex ke tafiyar da Tigres, Cruz Azul ma daga masana'antar siminti ta fito. Ƙungiyoyi irin waɗannan ba sa buƙatar sayar da ɗan wasa kafin su ci abinci. Sukan ma sayo daga Turai: André-Pierre Gignac ya bar Marseille ya zo Tigres a 2015 yana kan ganiyarsa, Sergio Ramos ya zo Monterrey a 2025.

Ga yadda abin ke aiki. Ƙungiyar Ajantina ko Uruguay ko Kolombiya, idan ta raini yaro ɗan shekara 19, za ta sayar wa ƙungiyar Fotugal ko Holan a kan farashi mai sauƙi, ta rubuta cewa tana da kaso idan aka sake sayar da shi, domin da wannan take rayuwa. Ƙungiyar Meziko kuwa ta san cewa idan Turawa sun taya da arha, Monterrey ko Tigres ko América za su ninka. Ga kuma Chivas ta Guadalajara, wadda al'adarta ita ce ba ta sa kowa sai ɗan Meziko, don haka dole ta sayi ɗan gida ko nawa aka yi masa kuɗi. Wannan kasuwar cikin gida ta sa farashin ɗan wasan Meziko ya haura abin da Turawa ke ganin ya kai. Rodolfo Pizarro misali ne: daga Pachuca zuwa Chivas, daga Chivas zuwa Monterrey, daga can zuwa Inter Miami, kowane ciniki ya haura dala miliyan 10. Da irin wannan kuɗi ƙungiyar Turai za ta ɗauko yara biyu ko uku daga Kudancin Amurka ko Afirka. Sai da Pizarro ya kusa shekara 30 sannan ya taka Turai, a AEK ta Girka, kuma bai daɗe ba.

Shi kansa ɗan wasan, me zai fita nema? A gida yana karɓar albashin da ƙaramar ƙungiyar Sifaniya ko Beljiyam ba za ta ba shi ba, yana kusa da iyayensa, ana yaren da ya iya, talabijin na nuna fuskarsa kullum. A ce masa ya rage albashi ya tafi garin sanyi ya yi gwagwarmayar samun gurbi, ba kowa zai yarda ba, kuma ban ga laifin mai iyali da ya zaɓi abin da ke hannunsa ba. Rayuwar ɗan ƙwallo gajera ce, rauni ɗaya na iya rufe ta. Waɗanda suka nace sai sun fita sukan bi hanya mai wuya, irin ta Chávez, ko ta Orbelín Pineda, wanda ya ƙi sabunta kwantiraginsa da Cruz Azul har ya ƙare, ya tafi Celta Vigo kyauta a 2022.

Ita ma wannan hanyar ta barin kwantiragi ya ƙare, shekaru da dama a toshe take a cikin gida. Masu ƙungiyoyi sun yi wata yarjejeniya a tsakaninsu, wadda ba a rubuce take ba, cewa ko kwantiragin ɗan wasa ya ƙare, ba wadda za ta ɗauke shi sai ta biya tsohuwar ƙungiyarsa ko ta samu izininta. Wannan ya saɓa wa abin da duniya ke bi tun hukuncin Bosman na 1995, wanda ya ba ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare damar tafiya kyauta. A 2021 hukumar da ke sa ido kan gasar kasuwanci a Meziko ta ci tarar ƙungiyoyi 17 da hukumar ƙwallon ƙasar kanta a kan wannan, da kuma haɗa baki wajen ƙayyade albashin mata 'yan ƙwallo. Hukunci ne da ya tabbatar da abin da 'yan wasa suka daɗe suna faɗa a ɓoye: masu ƙungiyoyi abokan hamayya ne a fili kawai, a ofis bakinsu ɗaya.

Kuma su ɗin ne ke da hukumar. Taron masu ƙungiyoyin Liga MX shi ke yanke manyan shawarwari, har da waɗanda suka shafi tawagar ƙasa. Wasunsu ma ƙungiya fiye da ɗaya suke da ita a gasa guda. Duniya ta ga wannan a 2025, lokacin da FIFA ta cire León daga gasar ƙungiyoyin duniya saboda mai ita ɗaya ne da Pachuca. A 2020 suka dakatar da hawa da faɗuwa tsakanin babbar gasa da ta ƙasa da ita. Tun kafin nan ma faɗuwar ta zama abin saye: Veracruz ta faɗi a 2019, ta biya peso miliyan 120 ta zauna, ta ci gaba da wasa ba ta biyan 'yan wasanta, ta yi wasa 41 a jere ba nasara, sannan aka kore ta a ƙarshen shekarar. Bayan dakatarwar 2020, ƙungiyar da ta zo ƙarshe tara kawai aka ɗora mata. Ƙungiyar ƙaramin gari da ke rainon yara kuwa ba ta da hanyar hawa, to don me mai ita zai zuba kuɗi?

Sai tsarin gasar kanta. Tun 1996 ake raba shekara gida biyu, Apertura da Clausura, kowacce da zakaranta. Ƙungiyoyi 18 na buga wasa 17, sannan a shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale da suke kira Liguilla. Akwai lokacin da ƙungiyoyi 12 cikin 18 ke samun damar shiga, daga baya aka mayar 10. Ga mai kallo abin na da daɗi, ba zan ɓoye ba; daren Liguilla a Monterrey ko birnin Meziko ba ya da na biyu wajen zafi. Amma ga rainon ɗan wasa illarsa biyu ce. Wasannin farkon kaka ba su da nauyi, tunda ko ta takwas za ta iya ɗaukar kofi. Shi kuma koci wata huɗu kawai yake da shi ya nuna sakamako, in ya yi rashin nasara uku ko huɗu a jere an sallame shi. Kocin da ke wannan hali ba zai jure kurakuran ɗan shekara 18 ba. Zai sa ɗan Ajantina ko Kolombiya mai shekara 29 da ya san aiki, musamman a gaba, inda ake neman ƙwallo yau-yau. Dokar gasar na barin baƙi har bakwai a fili lokaci guda. Shi ya sa ƙasar ta wayi gari tana ba baƙi takardar zama 'yan ƙasa don cike gurbin mai cin ƙwallo, kamar Rogelio Funes Mori haifaffen Ajantina da Julián Quiñones haifaffen Kolombiya. An sha kafa dokar tilasta wa ƙungiyoyi ba matasa mintuna, a soke, a sake kafawa, gwargwadon yadda ran masu ƙungiyoyi ya so a shekarar.

Akwai wata ƙofa da ta taɓa buɗewa, wadda rufe ta ya yi ɓarna fiye da yadda ake faɗa. Daga 1998 zuwa 2016 ƙungiyoyin Meziko na shiga Copa Libertadores, babbar gasar ƙungiyoyin Kudancin Amurka, a matsayin baƙi. Cruz Azul ta kai wasan ƙarshe a 2001, Boca Juniors ta ci ta a fenariti. Chivas ta kai a 2010, Tigres a 2015. Pachuca ma ta ɗauki Copa Sudamericana a 2006. Ɗan wasan da bai taɓa zuwa Turai ba yakan je Buenos Aires ko São Paulo ya buga a gaban jama'ar da ba sa ƙaunarsa, da alƙalin da ba ya tausaya masa, ya dawo ya ƙara sanin kansa. Tawagar ƙasa ma na zuwa Copa América a kai a kai tun 1993, ta kai wasan ƙarshe a 1993 da 2001. Da aka sauya jadawalin Libertadores, Meziko ta janye. Abin da ya maye gurbin shi ne ƙarin wasanni da ƙungiyoyin Amurka, har da Leagues Cup, wadda a 2023 aka dakatar da gasar gida wata guda don a buga ta, kuma dukkan wasannin a Amurka da Kanada.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Fiye da mutum miliyan 35 'yan asalin Meziko ke zaune a Amurka, suna sayen tikiti da dala. Tawagar ƙasar na cika filin Los Angeles ko Dallas ko Houston ko da wa za ta kara. Don haka hukumar ta daɗe da ƙulla yarjejeniyar buga wasannin sada zumunta da yawa a can kowace shekara, sau da yawa a ranakun da ƙungiyoyin Turai ba sa sakin 'yan wasa, abokan karawa kuma su zo da tawaga ta biyu. Najeriya ma ta taɓa zama irin wannan baƙuwa: a Yulin 2021 ta kai 'yan wasan gida Los Angeles, Meziko ta ci su 4-0. An samu kuɗin ƙofa, amma ban san abin da kocin Meziko ya koya daga wasan da zai yi masa amfani a gaban Ajantina bayan shekara ɗaya da rabi ba. A yankinta na CONCACAF Meziko ta ɗauki Gold Cup sau 10, ƙungiyoyinta kuma sun riƙe kofin zakarun yankin daga 2006 har 2021 ba yankewa. Wanda ya saba cin Honduras da Panama a filin da kowa ke goyon bayansa, sannan sai bayan shekara huɗu ya haɗu da Faransa ko Brazil a wasan da ba gyara, ya zama kifin rijiya ko da bai so ba.

Waɗanda suka fita da wuri sun nuna abin da ɗan Meziko zai iya. Hugo Sánchez ya bar Pumas ya je Atlético Madrid a 1981, ya koma Real Madrid a 1985, ya zama wanda ya fi cin ƙwallo a La Liga sau biyar. A kakar 1989/90 ya ci 38. Márquez ya bar Atlas yana ɗan shekara 20 ya je Monaco a 1999, daga nan Barcelona, inda ya ɗauki kofin Zakarun Turai a 2006 da 2009. Javier Hernández, Chicharito, wanda masu kallon Firimiya a gidajen kallo ba za su manta da shi ba, ya bar Chivas zuwa Manchester United a 2010, ya ci ƙwallo 20 a kakarsa ta farko, ya kuma zama wanda ya fi kowa ci wa ƙasarsa da ƙwallo 52. Andrés Guardado ya yi shekara goma sha shida da ɗoriya a Turai, tsakanin Deportivo da Valencia da PSV da Betis. Holan da Fotugal sun zama matakala mai kyau: Héctor Herrera da Jesús Corona a Porto, Edson Álvarez a Ajax kafin West Ham, Lozano a PSV kafin Napoli ta saye shi kusan Yuro miliyan 40, ya ɗauki kofin Serie A na 2023 tare da Victor Osimhen. Santiago Giménez ya bar Cruz Azul zuwa Feyenoord a 2022, ya ɗauki kofin Holan a kakarsa ta farko, AC Milan ta saye shi a farkon 2025.

A nan ya kamata a yi adalci ga masu cewa zuwa Turai ba shi ne maganin komai ba, domin suna da hujja. Hugo Sánchez, duk da abin da ya yi a Madrid, ƙwallo ɗaya tak ya ci a Kofin Duniya. Tawagar da ta ci zinare a Wembley kusan duk 'yan gida ne. A 2013, lokacin da Meziko ta tsallake rijiya da baya, ta canza koci har sau uku a cikin 'yan makonni, sai da Amurka ta ci Panama a mintunan ƙarshe sannan ta samu gurbin wasan cike gurbi, Miguel Herrera da 'yan wasan gida zalla ya lallasa New Zealand. Tawagar 2018 kuwa cike take da 'yan Turai, amma inda na baya suka tsaya nan ta tsaya.

Duk da haka hujjar ba ta rushe maganar ba, gyara ta ta yi. Tauraro ɗaya ko uku ba sa kai ƙasa zagayen takwas. Abin da ke kai ta shi ne a samu mutum ashirin ko talatin da ke buga wasa mai sauri da matsi kowane mako, ta yadda in ɗaya ya ji rauni akwai wani. Kuroshiya, mai mutum ƙasa da miliyan 4, da wannan ta kai wasan ƙarshe a 2018. Maroko da wannan ta kai zagayen huɗu a Katar. Japan da Amurka sun ɗauki shekaru suna tura yara Jamus da Beljiyam da Ingila da gangan. Meziko kuwa 'yan ƙalilan take da su, don haka rauni ɗaya ke girgiza ta. Raúl Jiménez na cikin manyan masu cin ƙwallo a Firimiya, ya ci 17 wa Wolves a kakar 2019/20, sai ga karon da suka yi da David Luiz a Nuwamba 2020 ya fasa masa ƙoƙon kai. Ya dawo, wanda shi kansa abin godiya ne, amma ya je Katar ba shi da ƙoshin lafiya. Corona na jinya. An daina kiran Chicharito tun 2019. Koci Gerardo Martino ya bar Giménez a gida. Meziko ta yi wasa biyu na farko ba ta ci ko ɗaya ba.

Ga kuma dawowa da wuri. Diego Lainez ya je Betis a 2019 yana ɗan shekara 18, ana yi masa kallon magajin manya. Bai samu gurbi ba, zuwa 2023 Tigres ta dawo da shi. Vela, wanda da yawa ke ganin ya fi duk tsaransa baiwa, ya ƙi zuwa Kofin Duniya na 2014 yana kan ganiyarsa a Real Sociedad, sannan ya koma Los Angeles yana ɗan shekara 28, ya ci ƙwallo 34 a kakar 2019. Giovani ya koma LA Galaxy yana da 26. Lozano ya koma San Diego a 2025. Ɗan Senegal ko ɗan Uruguay da ya sha benci a Sifaniya zai nemi aro a Faransa ko Turkiyya ya ci gaba da fafutuka, don ba abin da zai koma wa a gida. Ɗan Meziko kuwa kullum akwai tayi mai tsoka da ke jiransa, ko daga Monterrey ko daga Kalifoniya.

Bayan Katar hukumar ta yi alƙawarin gyara daga tushe. Abin da aka fi gani shi ne canjin koci. Diego Cocca ya yi wata huɗu, Amurka ta ci shi 3-0, aka kore shi. Jaime Lozano ya ɗauki Gold Cup na 2023, ya fita tun a rukuni a Copa América na 2024, aka sallame shi. Sai aka koma wa Javier Aguirre karo na uku, mutumin da ya jagoranci tawagar a 2002 da 2010, aka haɗa shi da Márquez a matsayin mataimaki. Aguirre ya san aikinsa. Ya dawo da tsari da jajircewa, ya ɗauki kofin Nations League na yankin a Maris 2025, sannan Gold Cup a Yuli, inda Jiménez da Álvarez suka ci Amurka 2-1 a Houston. Ganin Jiménez, wanda a lokacin ke Fulham tare da Alex Iwobi da Calvin Bassey, yana cin ƙwallo a wasan ƙarshe da abin kariya a kansa, abu ne da ya faranta ran duk mai son ƙwallo. Amma matasan ƙasar sun kasa samun gurbin Kofin Duniya na 'yan ƙasa da 20 na 2023 da Olamfik ta Paris, kuma cikin abubuwan da suka jawo hakan ba wanda koci zai iya gyarawa daga bakin fili.

Gasar 2026, wadda aka ba Meziko karɓar baƙuncinta tare da Amurka da Kanada, ma'auni ne mai ruɗi. An ba Azteca wasan buɗewa, karo na uku ke nan bayan 1970 da 1986. Filin na kan tudu fiye da mita 2,200, numfashin baƙo kan yanke a can, jama'a kuma na bayan masu gida. Sau biyun da Meziko ta kai zagayen takwas ai a gida ne. Kuma da yake ƙasashe 48 ne, an ƙara zagaye ɗaya, wasa na biyar ya koma zagayen 16, sai an buga na shida kafin a ce an kai inda aka kai a 1986. Nasara a irin wannan yanayi za ta iya sa masu ƙungiyoyi su ce tsarinsu daidai yake, rashin nasara kuma a ɗora wa koci kamar yadda aka saba.

Ni inda zan sa ido shi ne kan Gilberto Mora na Tijuana. An haife shi a Oktoban 2008, Aguirre ya sa shi a cikin sha ɗayan farko a wasan ƙarshe na Gold Cup yana ɗan shekara 16, kuma shi ya ba Jiménez ƙwallon da ta fitar da Honduras a wasan kusa da na ƙarshe. Dokar FIFA ta hana shi komawa wata ƙasa sai ya cika 18, wato Oktoban 2026. Daga ranar ne masu Tijuana za su zaɓa: su sa masa farashin da ƙungiyar Turai mai ba yara wasa za ta iya biya, su riƙe kaso a cinikin gaba, ko su jira tayi mafi tsoka ko daga ina ya fito.